Na ƙara RAM, amma Windows ta ƙi amfani da shi

Tambaya: Malam, sannu da aiki. Kwamfutata ta cinya ta kwana biyu, da RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) 4GB ta zo. Na ƙara wani 4GB, amma da na duba sai na ga an rubuta 8GB, a gefe kuma wai 3.2GB kawai ake iya amfani da shi. Wani ya ce jabu aka sayar mini, wani ya ce sai na sake ɗora Windows. Maganar wa zan kama? — Wata ɗaliba

Amsa: Malama, kada ki mayar wa mai kaya kayansa tukuna. Tunda har kwamfutar ta rubuta 8GB, ta ga abin da kika saka mata. Ni ma na taɓa shan wannan wahalar. Sau uku ina cirewa ina mayarwa, har na lanƙwasa ɗan ƙarfen da ke riƙe shi a gefe, ashe ba nan gizo ke saƙar ba.

Kusan na tabbata Windows ɗinki mai 32-bit ce. Irin wannan ba ta iya ƙirga abin da ya wuce 4GB, kuma a cikin 4 ɗin ma sai ta gutsire wa ɓangaren hoto da sauran sassa nasu kason. Shi ya sa kika ga uku da ɗoriya. A shafin da kika ga 8GB ɗin, ki duba ƙasa kaɗan. Idan an rubuta 32-bit, sannan x64 a gaba, to kwamfutarki za ta ɗauki mai 64-bit.

Sai dai ba a tsallakawa daga 32 zuwa 64 ta hanyar sabuntawa. Dole a goge, a ɗora sabuwa. Don haka kafin komai ki kwashe takardunki da hotunanki ki ajiye a wani wuri. Ki samu filasha aƙalla 8GB wadda babu abin da kike so a ciki, domin ita ma gogewa za a yi, ki yi amfani da manhajar Rufus ko ta Microsoft ta wannan aiki ki zuba mata Windows mai 64-bit. Wajen kunnawa ki riƙa danna F12 idan Dell ce, F9 idan HP ce, ki zaɓi filashar.

Wace za ki ɗora? Microsoft ta janye tallafin Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuwa tana neman TPM 2.0, wato wani sashen tsaro na cikin kwamfuta, wanda yawancin tsofaffin kwamfutoci ba su da shi. Idan taki ba ta cika sharaɗin ba, ni Linux Mint, wadda ake ɗorawa a madadin Windows, zan ba ki shawara, in dai ba wata manhaja ta makaranta ce ta ɗaure ki da Windows ba.

Idan ana cikin ɗorawa ta tsaya cak, ko allon ya yi shuɗi, nan ne za ki fara zargin sabon RAM ɗin. Ki gwada shi da MemTest86, manhajar gwajin RAM, ki bar shi ya kwana yana aiki. Jan layi ko ɗaya ya fito, ki ɗauki risidinki ki koma.