Sarrafa kilimatizo da wayar salula: me ya kamata a saya?

Tambaya: Ina da kilimatizo biyu a gidana da ke Bukoki, a Yamai, kuma kuɗin kuran na watannin Afrilu da Mayu yana neman fin ƙarfina. Ƙanena da ke Faransa ya ce zai aiko mini da na'urar daidaita zafi irin ta Nest. In amince?

Amsa: Malam, ka yi masa godiya, amma ka ce ya dakata. An ƙera wannan na'ura ne don gidajen Turai da Amurka, inda inji guda ke ɗumama gida duka, alhali mu a nan sanyin hunturu bai wuce bargo ba, kuma kilimatizon bango da muke amfani da shi umarnin telekomand kaɗai yake karɓa.

Abin da ya dace da kai shi ne ɗan akwatin nan da ke kwaikwayon telekomand, irin na Broadlink ko Sensibo. Ana ajiye shi inda yake fuskantar injin, a haɗa shi da Wi-Fi na gida, daga nan sai ka kunna, ka kashe, ko ka tsara lokaci ta wayarka. Kowane ɗaki yana buƙatar nasa, tunda hasken da yake aika wa injin umarni da shi ba ya ratsa bango.

Sai dai ka sani cewa akwatin ba shi ne ke rage kuɗi ba, tsarin da ka ba shi ne. Idan zafin rana ya haura digiri 40, mutane kan sa injin a 16 da zaton ɗaki zai fi saurin sanyi, alhali iskar da yake fitarwa ɗaya ce, kawai dai an hana shi hutawa. Ka sa shi a 26, ka kunna fanka, ka tsara ya mutu gab da asuba, na falo kuma ya mutu da zarar yara sun tafi lakwal.

Ka kuma yi la'akari da ɗaukewar wutar NIGELEC. Kafin ka biya, ka tambayi mai shago ko akwatin yana komawa kan tsarinsa da kansa idan wuta ta dawo. Ka sanya wa kowane inji na'urar kariya mai jinkirta tashinsa da minti 3, domin tashi nan take yana gajiyar da kwamfuresa, wato sashen injin da ke matsa gas ɗin sanyaya. Ragar tace ƙura kuwa, wadda ke toshewa har ta yi ja a lokacin buji, babu manhajar da za ta wanke maka ita: ka ciro ta duk mako biyu, ka ɗauraye, ka bar ta ta bushe kafin ka mayar.