Ƙafa ba ta ciwo, hoto ya yi fari, me ya hana a cire ƙarfen?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ƙanena mai shekara 29 ya yi haɗarin babur, ƙashin ƙwaurinsa ya farfashe. An yanke santimita 6 da suka lalace, aka ɗaura masa zobban ƙarfe don sabon ƙashi ya tsiro. Yau wata 7 ke nan. Yana takawa ba ciwo, a hoto ma gurbin ya yi fari, amma likitansa ya ce a ƙara wata biyu. Ta yaya ake gane ƙashi ya warke? Daga mai karatu a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba shi lafiya, ku ma sannunku da jinya.

Mu fara da lissafi. Wannan dabara ta likitan Rasha ce, Gavriil Ilizarov, wanda ya fito da ita a garin Kurgan a shekarun 1950. Bayan an tsaga ƙashi ana jira kamar kwana 7, sannan a riƙa juya noti ana jan ƙashin milimita 1 a rana, kashi huɗu. Santimita 6 kwana 60 ke nan na ja kawai. Ƙanƙarewar sabon ƙashin kan ci ninki biyu na wannan lokaci ko fiye. A yaro ana ƙiyasta kusan wata ɗaya kan kowace santimita, a babba yakan kai wata ɗaya da rabi zuwa biyu. Saboda haka wata 9 ga ƙaninka ba jinkiri ba ne.

Rashin ciwon kuwa kada ya ruɗe ku. Zobban nan da wayoyinsu ne ke ɗauke da babban kaso na nauyinsa. Ƙashin bai riga ya ɗauki kayan shi kaɗai ba.

To, me likita ke nema a hoto? Farin da kuka gani alama ce gishirin ƙashi ya fara zama, amma bulon da aka buga jiya ma kamanninsa ɗaya da wanda ya bushe. Ƙarfin ƙashi a bangonsa yake. Shi ya sa ake ɗaukar hoto biyu, ɗaya daga gaba, ɗaya daga gefe. Na gaba yana nuna bangon ciki da na waje, na gefe yana nuna bangon gaba da na baya. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a ga aƙalla bango uku cikin huɗun sun haɗe daga tsohon ƙashi na sama zuwa na ƙasa ba yankewa, kowanne da kaurin kamar milimita 2. A ƙwauri, bangon gaba ne ya fi makara, domin fata ce kawai a kansa, ba tsoka mai kawo jini. Hoto ɗaya daga gaba zai iya yin kyau ƙwarai alhali ta gefe akwai rami.

Ana kuma duba siffa. Sabon ƙashi mai faɗi daidai da tsohon, ko mai ɗan tumbi a tsakiya, shi ake so. Wanda ya tsuke a tsakiya kamar kalangu ya nuna an ja da sauri ko jini bai wadata ba, kuma nan ne yake lanƙwasawa. Baƙin layin da ke tsakiya lokacin ja ba matsala ba ne, nan ƙashin ke tsirowa, amma dole ya ɓace kafin a cire ƙarfe.

Ga ƙaninka akwai wuri na biyu da iyalai kan manta da shi: mahaɗar da guntun ƙashin da aka jawo don cike gurbin ya tarar da ƙashin ƙasa. Sau da yawa nan ne ke ƙin haɗewa, har sai an ɗebo ƙashi daga ƙugu an cusa. Idan zobe ya tare wurin a hoto, ana juya ƙafar a ɗauka a karkace, ko a nemi siti sikan. Shi yana nuna ƙashin yanka-yanka, sai dai ya fi tsada, hasken radiyeshan da yake sakar wa jiki ya fi yawa, ƙarfe kuma yana ɓata hotonsa. Sikanin irin na masu juna biyu amfaninsa a makonnin farko ne, lokacin da ɗanyen ƙashi bai fito a hoto ba. Ba a yanke hukuncin cirewa da shi.

Abin da ke hannunku: hoton wata-wata a riƙa yinsa wuri ɗaya in da hali, a adana su bi da bi da kwanan watansu. Hoton da farinsa ya yi yawa yakan sa ƙashi ya yi kamar ya cika, haka ma wanda aka ɗauka da waya a jikin taga. Likita jerin yake karantawa, ya ga ko na wannan wata ya fi na watan jiya. Idan ƙaninka yana shan taba ya bari, tana tsuke jijiyoyin jini. Ibuprofen da diclofenac kada ya dawwama a kansu ba da sanin likita ba. Ya ci gaba da takawa gwargwadon yadda aka ba shi izini, nauyi na taimaka wa ƙashi ya ƙanƙare.

Idan hoto ya gamsar, yawancin likitoci kan sassauta notin ko su zare wasu sanduna, majinyaci ya yi mako ɗaya zuwa biyu yana tafiya a haka. In ba ciwo, sabon hoto kuma bai nuna lanƙwasa ba, sai a cire. Bayan nan ma akan sa filasta ko takalmin tallafi na mako 4 zuwa 6, saboda ramukan da ƙusoshin suka bari wurare ne masu rauni har su cike.