Ku Tambayi Malam: Yarona Ya Ƙi Aske Gemu Saboda Wasan Ƙanƙara

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce, ina zaune a unguwar Yelwa a nan Garwa. Babban yaron gidanmu yana karatu a Kanada, a jami'ar wani gari wai shi Turwa-Ribiyer, bana shekararsa biyu a can. Yaro ne mai natsuwa, amma tun hunturun bara ya kamu da wani wasa da ake yi a kan ƙanƙara da sanduna. Ya aiko hoto da jar riga mai tambari a ƙirji, ga gemu buzu-buzu. Na ce ya aske, ya ce wai sai an fitar da ƙungiyarsu. Ya turo wa ƙannensa bidiyo a WhatsApp, na leƙa, sai ga ƙarti biyu sun yar da sanduna suna kirɓar juna, alƙalan wasa na tsaye suna kallo, jama'a na tafi. Yanzu ƙannen ma ƙarfe 1 na dare suke tashi su ƙone mini kuɗin intanet. Babansu ya ce in ƙyale shi. Malam, wannan wasa ne ko ƙungiyar asiri? In sa shi ya daina?

Wata uwa, Yelwa, Garwa

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a. Ki kwantar da hankalinki, babu asiri a ciki. Ƙwallon gora ce ta kan ƙanƙara, wadda suke kira hoki, kuma tambarin nan da ya tsorata ki haruffa biyu ne kawai, C da H, na ƙungiyar Canadiens ta birnin Monreyal. An kafa ta a 1909, ta girmi kakan yaron nesa ba kusa ba.

Kafin in shiga bayani, ki tambayi Alhaji inda yake a watan Nuwamban 2008, ranar da ƙungiyar ƙwallon ƙafarmu ta Garwa, Coton Sport, ta karɓi Al Ahly ta Masar a filin Rumde Ajiya a wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka. Ban san shi ba, amma na san dalilin da ya sa ya ce ki ƙyale yaron. Ni ina cikin filin ranar, aka tashi 2 da 2, kofi ya tafi Alƙahira saboda ci 2 da suka yi mana a gidansu, na koma ban iya cin tuwon dare ba. Uwargida ta yi mini irin kallon da kike yi wa hoton nan.

Na taɓa yin hunturu guda a lardin Kebek, inda Monreyal da Turwa-Ribiyer suke, lokacin da aka tura mu kwas na malaman motsa jiki, shi ya sa wasiƙarki ta faɗo teburina. Abin da ba ya fitowa a hoto shi ne kaɗaici. A watan Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe 4 na yamma. A Janairu sanyi kan kai digiri 20 ƙasa da sifili, gashin hancinka ya daskare kafin ka kai bakin titi. Babu mai shayi, babu dakali, babu wanda zai tsaya ya tambaye ka gajiya da iyali. Akwai wani dattijo mai kula da benen da na zauna. Wata biyu cur ina gaishe shi, abin da nake samu ɗaga haɓa ne. Wata safiya na tarar da shi yana kwashe ƙanƙara a ƙofa, fuska a murtuke, kawai na ce masa da Faransanci, jiya yaran sun ba ka kunya ko? Ban ma kalli wasan ba, a rediyo na tsinci an doke su. Hajiya, sai mutumin nan ya soke shebur a ƙanƙara, ya riƙe ni minti 20 yana zagin mai tsaron gida da koci, yatsun ƙafata suna mutuwa a cikin takalmi. Daga ranar ya san sunana, shi ya gyara mini na'urar ɗumama ɗaki ba tare da na roƙa ba. Majalisarsu ke nan, kuma yaronki ƙofarta ya samu ya shiga. In an je garin da kowa ke da wutsiya, ai sai a nemi tsumma a ɗaura.

Shi wasan kansa ba shi da wuyar ganewa. Mutum shida-shida ne, har da mai tsaron gida. Kowa na sanye da takalmi mai ƙarfe kamar wuƙa a ƙasa, suna sulu a kan fili mai tsawon mita 61. Ba ƙwallo suke bugawa ba, wani baƙin faifan roba ne mai tauri, girman masa, nauyinsa wajen giram 170, har daskarar da shi ake yi kafin wasa don kada ya riƙa tsalle. Zubi uku ake yi, kowanne minti 20. Gudun ya yi yawa, ɗan wasa ba ya cika minti guda a fili sai ya fita wani ya faɗo, wasa na ci gaba. Ranar da na fara zuwa kallo, wallahi zubin farko ban ga faifan ba ko sau ɗaya. Ƙararsa nake ji in ya daki katako, tau, kamar an sare itace, sai kuma jar fitila ta kama a bayan raga, jama'a su miƙe, ni ma in miƙe. Abin da ya fi burge ni ma motar da ke fitowa lokacin hutu tana shafe ƙanƙarar da ruwan zafi, ta bar ta tana sheƙi kamar tangaran.

Damben da kika gani gaskiya ne, ba zan wanke shi ba. A babbar gasar ƙwararru ta NHL, wadda aka kafa a Monreyal a 1917, yanzu tana da ƙungiyoyi 32, 7 a Kanada 25 a Amurka, in biyu suka yar da safar hannu suka kama naushi, alƙalai kan jira sai ɗaya ya faɗi ko sun gaji, sannan a kai kowanne wani ɗan keji a gefen fili ya zauna minti 5. Ƙananan laifuka minti 2 ne. Ni malamin wasanni ne, kuma a ganina wannan aibi ne, duk da mu da muka tashi muna kallon dambe ba mu da bakin yin wa'azi sosai. A wasannin jami'a kuwa wanda ya yi faɗa korarsa ake yi daga wasan.

Gemu kuma camfi ne na 'yan kallo da 'yan wasa: in aka shiga zagayen kifa-ɗaya-ƙwala na neman kofin Stanley, daga Afrilu zuwa Yuni, ba a aski sai an fitar da ƙungiyarka ko ta ɗauki kofi. Ana danganta farkonsa da ƙungiyar Islanders ta Niyok, wadda ta ci kofin sau 4 a jere daga 1980 zuwa 1983. Kada ki damu, gemun ba ya daɗewa. Canadiens ta ci kofin sau 24, babu wadda ta kai ta, amma rabonta da shi tun 1993. Ta kai wasan ƙarshe a 2021, Tampa Bay ta doke ta. In ya dame ki da cika baki, ki tambaye shi ko an haife shi a 1993. In kuma kina son ki faranta masa, ki ce kin ji 'yan Toronto rabonsu da kofi tun 1967.

Akwai abin da ya sa mutanen Kebek suka ɗauki jar rigar nan fiye da riga, har suna kiranta tsarkakakken yadi da harshensu. Masu Faransanci ne a ƙasar da masu Ingilishi suka fi yawa, kuma shekaru da dama filin ƙanƙara ne wurin da suke ganin nasu a sama. A watan Maris na 1955 shugaban gasar, Clarence Campbell, ya dakatar da gwarzonsu Maurice Richard har ƙarshen kaka saboda ya doki alƙalin layi. Ranar 17 ga wata Campbell ya zo kallon wasa a Monreyal, gari ya hargitse, aka farfasa shaguna, sai da Richard ya shiga rediyo ya roƙi jama'a su yi haƙuri. Mu 'yan Kamaru ba sai an zaunar da mu an yi mana bayanin yadda harshe ke kutsawa cikin komai ba.

To, ga inda nake so ki sa ido, don ba gemu ba ne abin tsoro.

Kuɗi. Daga Turwa-Ribiyer zuwa Monreyal kilomita kusan 140 ne, kuma kujera ɗaya a zauren Bell, mai cin mutum wajen 21,000, tana iya lashe cefanen ɗalibi na mako ko fiye, ban da mota. Ita ma rigar, in ta asali ce, ba arha ba ce. Ki tambaye shi sau nawa ya je. In sau ɗaya ne a shekara, ki sa masa albarka, gani ya kori ji. In ya zama duk wata, to kuɗin da Alhaji ke haɗawa da sefa yana canzawa ne ke narkewa a kan ƙanƙara. Alhali a ƙofarsa akwai abin kallo mai sauƙi. Jami'arsa na da ƙungiyarta, Patriotes, kuma ba kanwar lasa ba ce, ita ta ci kofin jami'o'in Kanada a 2022. Tikitin ɗalibi ba ya taka kara ya karya. 'Yan wasan ɗalibai ne irinsa, yawancinsu sun san ba za su kai NHL ba, gobe da safe suna aji da jakar littattafai. Ni na fi son wannan kallon: kana jin ƙarar takalmi a kan ƙanƙara, kana jin koci na faɗa, iyayen yaran na zaune kusa da kai da bargo da fulas. Can ne zai yi abokan da za su ba shi aron littafi. Garin ma na da ƙaramar ƙungiyar ƙwararru tun 2021 mai alaƙa da Canadiens, kuma sunanta Lions, wato Zakuna, irin laƙabin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasarmu. Ɗan Kamaru ai bai da uzurin ƙin su.

Sai giya. Ana sayar da ita a filayen wasa, kuma iyalin Molson da suka mallaki Canadiens masu kamfanin giya ne tun kaka da kakanni. Wannan ba sabon abu ba ne ga yaron da ya tashi a Garwa ya san hanyar filin ƙwallo, amma ki tambaye shi da wa yake zuwa, kuma ina suke zama in za su kalla a talabijin.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne caca. Tun 2021 Kanada ta halatta yin caca a kan wasa guda, talla ta cika talabijin da waya. Kin ga yadda rumfunan caca suka cinye samarin unguwanninmu a kan ƙwallon Turai. Can ma haka ne, sai dai babu rumfa, a aljihu take, babu maƙwabcin da zai gan shi ya kawo miki labari. Wannan ki tambaye shi kai tsaye, ba ta bakin ƙannensa ba. In ya fara neman ƙarin kuɗi ba dalili, ko sakamakon jarrabawa ya fara zamewa, a nan ne za ki ɗaga murya, ni ma in taya ki.

Su kuwa ƙannen, lissafinsu daidai ne: ƙarfe 7 na yamma a Monreyal ƙarfe 1 na dare ne a Garwa lokacin hunturu. Kowace ƙungiya na buga wasa sama da 80 kafin ma a shiga zagayen kofi, wanda ya ce zai bi duka zai yi sallama da Asuba da makaranta. Ki ƙwace wayar bayan Isha'i. Da safe akwai taƙaitaccen wasan na 'yan mintoci, su kalla bayan an dawo daga makaranta. Daren Asabar kaɗai za ki iya yi musu sassauci, shi ma da sharaɗin yayan ne zai biya intanet ɗin, tunda shi ya jawo.

Kada ki ce ya daina. In ya kira ranar Juma'a, ki tambaye shi yadda Patriotes suka yi, ki ga yadda zai saki baki. A cikin surutun za ki ji sunayen abokansa, da inda yake kwana, da abin da yake ci.

TAMBAYA: Malam, na ga wasan hoki a tashar tauraron ɗan adam, duk Turawa ne. Baƙar fata na yi kuwa? Za a iya yi a nan?

Wani ɗalibi, Injamena

AMSA: Ɗana, suna yi, ko da yake ba su da yawa. Baƙar fata na farko a NHL shi ne Willie O'Ree, ɗan Kanada, wanda ya buga wa Bruins ta Bostan ranar 18 ga Janairun 1958, kuma da ido ɗaya ya yi, don faifan ya riga ya kashe masa na dama ya ɓoye. Jarome Iginla, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya daɗe yana kyaftin ɗin Flames ta Kalgari, ya ci ƙwallo 625. A Afirka ma akwai: Afirka ta Kudu da Maroko na da ƙungiyoyin ƙasa, 'yan Kenya kuma suna atisaye a wani ɗan filin ƙanƙara da ke cikin otal ɗin Panari a Nairobi.

Batun a yi a Injamena kuwa, ka fara gwada riƙe ƙanƙarar firij ɗin gidanku daga safe zuwa La'asar a watan Afrilu, ranar da aka ɗauke wuta, ka rubuto mini sakamako. Kafin nan ka nemi takalmi mai taya a wurin 'yan gwanjo, kafinta ya fafe muku sanduna, ku sami filin ƙwallon kwando mai siminti da tsohuwar ƙwallon tanis. Mai tsaron gida ya sa hular kwano ta 'yan babur.