Me masu binciken ruwan kogi ke nema a cikin kwalba, kuma ana cin abinci da aikin?

Tambaya: Malam, ina ajin ƙarshe a sakandare a Wudil, ɓangaren kimiyya. Kwanaki na ga wasu mutane da kwalabe da kula suna ɗiban ruwa a ƙarƙashin gada, aka ce mini masu binciken ruwa ne. Me suke nema a ciki? Me zan karanta in zama irinsu, kuma aikin yana riƙe mutum?

Amsa: Ƙanena, ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadarku ba na kogi ɗaya ba ne. Akwai na Kogin Kano da ake sakowa daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, akwai na Kogin Challawa mai tasa madatsar tun 1992. A wajajen Tamburawa suke haɗuwa, daga wajenku kuma sai Haɗejiya da fadamun Nguru. Kafin ya iso gare ku ya kwashi rarar ruwan gonakin rani na Kura da Kadawa, da takinsa da maganin feshinsa, ya kuma karɓi abin da ke gangarowa daga unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Challawa, inda manyan majemu suke. Duk wanda ya taɓa ruwan a sama ya bar sawu a cikinsa, kuma sawun nan mutanen da ka gani suke bi.

Wasu abubuwan a bakin kogin ake auna su, domin da zarar ruwa ya shiga kwalba sun fara canzawa: zafinsa, tsaminsa, yawan gishirin da ya narke a ciki, kaurin laka, da iskar oksijin da kifi ke shaƙa. Ita oksijin ɗin nan tana da wayo. Ruwa mai zafin digiri 20 yana iya riƙe kusan miligiram 9 a lita, idan ya kai digiri 30 kuwa bai fi 7.5 ba. Da rana gansakuka na ƙara ta, da dare ita da ƙwayoyin cuta masu cin ƙazanta su zuƙe ta. Shi ya sa idan kifi zai mutu da yawa, galibi da asuba ake tarar da shi ya taso ciki sama. Masunta sun san wannan tun kafin mu. Wanda ya je awo bayan azahar zai samu lamba mai daɗin gani, ya koma ofis ya rubuta cewa kogi lafiya lau, alhali bai ga lokacin da abin ya faru ba.

Kwalaben kuwa kowace da aikinta. Ta ƙwayoyin cuta an riga an dafa ta, ana cika ta a rufe a sa cikin ƙanƙara, ana so ta isa ɗakin gwaji cikin awa shida. Ta ƙarafa, wato dalma da kuromiyam da ake jima da shi, ana ɗiga mata asid don kada ƙarfen ya manne a jikin kwalba ya ɓuya. Wata kuma ana ajiye ta kwana biyar a duhu a kan digiri 20, a ga yawan iskar da ƙazantar ciki ta cinye. Ka yi tunanin riƙe na'ura a kan digiri 20 kwana biyar ba yankewa a ƙasar da wuta ke wasan ɓuya. Na taɓa kwana biyu ina ɗiban ruwa a wurare takwas, a hanyar dawowa mota ta tsaya mana a daji, ƙanƙara ta narke ta zama ruwan ɗumi. Da hannuna na tuttule kwalaben ƙwayoyin cutar a gindin wata bishiya, direba yana kallona kamar wanda ya zautu. Da na kai su an ba ni lambobi, amma lambobin ƙarya ne.

Ma'aunin da ake gwada sakamako da shi sananne ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ruwan sha kada dalma ta wuce miligiram 0.01 a lita, kuromiyam 0.05, naitiret na taki 50, ƙwayar E. coli kuwa, mai nuna najasa ta shiga ruwa, ko ɗaya kada a samu a mililita 100. Ka lura, dalma ba ta da launi ko wari a ruwa. Alif yana kwantar da laka, tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma tafasa ba ta fitar da ƙarfe.

Duk wannan mai ilimin sinadarai ma zai iya. Abin da ya bambanta masanin ruwa shi ne ba ya karɓar lamba sai ya ji nawa ne ruwan da ke gudu a ranar. Ana auna faɗin kogi da zurfinsa a wurare da dama, a tsoma na'ura mai farfela a ga saurin gudu, a haɗa lissafi. Ga misali na ƙirƙira don ka gane. Da rani kogi na tafiya da lita 1,000 a daƙiƙa, ka samu miligiram 2 na wani guba a kowace lita: giram 2 ke nan a daƙiƙa, kusan kilo 173 a yini. Da damina ka koma ka samu 0.2 kacal, ka ce alhamdulillahi abu ya yi sauƙi. Amma ruwan yanzu lita 50,000 ne a daƙiƙa, wato giram 10, kilo 864 a yini. Ninki biyar. Ga mai lambu da ke ban ruwa da rani, lambar farko ce damuwarsa. Ga fadamar da lakar za ta je ta kwanta a can ƙasa, ta biyu ce. Na sha ganin rahoton ɗalibai, har da na manya, an ɗebi ruwa sau ɗaya a wata ɗaya an yanke wa kogi hukunci. Ni ba na kiran wannan bincike. Kogin watan Maris da na watan Agusta suna ɗaya kawai suka haɗa.

Batun karatu, ka riƙe lissafi, fiziks da kemistiri da kyau, kada ka raina bayoloji. Ƙofofin shiga da yawa ne: injiniyan gine-gine, ilimin ƙasa, ilimin duwatsu, kemistiri, ilimin ƙananan halittu. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen injiniyan albarkatun ruwa da muhalli, a Mando ta Kaduna akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa, a Yamai kuma cibiyar AGRHYMET tana horar da ma'aikatan ruwa da yanayi na Sahel. Yawanci sai a digiri na biyu mutum ke tsayawa a kan ingancin ruwa. Ka koyi ƙididdiga da zana taswira a kwamfuta tun da wuri, don kwana ɗaya a bakin kogi yana jawo mako guda a gaban allo. Ka kuma koyi iyo.

Aiki akwai shi a hukumar NIHSA mai lura da kogunan Najeriya, da hukumomin raya koguna irin ta Haɗejiya da Jama'are ko ta Sakkwato da Rima, da hukumomin ruwan sha na jihohi, da hukumar NESREA mai tilasta bin dokokin muhalli, da jami'o'i, da kamfanonin da ke tantance illar manyan ayyuka ga muhalli. Ba zan ruɗe ka ba: albashin gwamnati rufin asiri ne kawai, kuɗin fita bincike ma sai an yi ta fama. Waɗanda suka fi samu su ne masu haɗawa da aikin ba da shawara ko ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, kuma abin da ke kai su can shi ne an san lambarsu ba ta canzawa don ran wani ya ɓaci. Ranar da sakamakonka ya nuna bututun wani mai ƙarfi, za ka gane abin da nake nufi.

Ba sai ka jira jami'a ba. Samu littafi ɗaya da gorar roba mai haske. Kowace Asabar, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, ka cika gorar daga gaɓa, ka rubuta kwanan wata, launin ruwa, warinsa, inda ya kai a jikin wani dutse da ka zaɓa, da ko an yi ruwan sama. Ka ajiye ta zuwa washegari ka auna kaurin lakar da ta kwanta da rula. Ka gaida masunta da masu ɗiban yashi, ka tambaye su yaushe ruwa ke canza launi. Kada ka tsoma ƙafa inda ruwa ya kwanta da ciyawa saboda tsargiya, idan kogi ya kawo a Agusta kuma daga nesa za ka yi rubutunka.