Sha'ir ɗaya ne, amma abin sha ba ɗaya ba

Tambaya: Salam Malam, daga Jidda nake. Ɗana ya ce wai wiskin ƙasar Ailan da sha'ir ake yinsa, to ai Barbican ɗin da muke sha ma na sha'ir ne, hankalina fa ya tashi.

Amsa: Wa'alaikumussalam Hajiya, kwantar da hankalinki. A nau'in gargajiya na wancan wiskin ana haɗa sha'ir mai tsiro, irin tsiron da ake sawa a kunun zaƙi, da ɗanyen sha'ir, a barshi ya yi tsami har ya zama giya, sannan a dafa a tukunyar tagulla ana tara tururin, galibi sau 3, a zuba a gangar katako ya yi aƙalla shekara 3. Barasar cikinsa bata kasa kashi 40 cikin 100 ba, giya ce tsantsa kuma haramun ce. Ɗanyen sha'irin nan shi ke bashi yaji-yaji da maiƙo a baki, kuma asalinsa gudun haraji ne, don a 1785 aka sa haraji kan mai tsiron sai masu yi suka riƙa surkawa.

Barbican kuwa lemun sha'ir ne mara barasa, shi yasa kike ganinsa a kowace baƙala, wato ƙaramin shagon unguwa. In kin yi tafiya waje dai ki dinga karanta jikin kwalba kafin ki saya, don Allah.