Amsa: Ƙwayoyin goji za su gyara wa Mama ido?

'Yar'uwa, kin tambaya ko ƙwayoyin goji da aka tallata miki a kasuwar Wunti za su wanke wa Mama idonta da ke hazo, ga ta da ciwon suga. A'a, ba za su wanke shi ba. Goji 'ya'yan itace ne jajaye ƙanana, in an busar da su kamar zabibi, yankin Ningxia na ƙasar Sin ya yi suna wajen noma su. Abinci ne mai kyau, yana ɗauke da sinadarin ziyazantin mai amfani ga ido, irin wanda ke cikin gwaiduwar ƙwai da jar masara. Amma idan yana ce ta rufe idon, aiki kawai ke cire ta. Idan kuma suga ne ya taɓa jijiyoyin idon, sai an daidaita sugan. Ki kai ta sashen ido na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da ke Bauchi a duba ta tukuna.

Abin da ya fi damuna shi ne ajiye magani. Maƙwabciyarmu ta daina shan metformin, maganin ciwon suga, saboda irin waɗannan ƙwayoyi na kwalba, ba a jima ba ƙishirwa da yawan fitsarin dare suka dawo, har sai da aka kwantar da ita. Don Allah kada Mama ta ajiye nata. In tana shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, kada ta taɓa goji, haɗuwarsu na iya jawo zubar jini. In ba ta sha, likita kuma ya amince, ki duba lambar NAFDAC a jikin kwalbar kafin ki biya.