Kunnuwana Suna Ƙara Bayan Wasan Gita

Tambaya: Malam, ina son kallon makaɗan gita a Cibiyar Al'adu ta Oumarou Ganda, amma idan na koma gida sai kunnuwana su kwana suna ƙara. In daina zuwa ne? Daga wani matashi a Yamai.

Amsa: Ɗana, ba sai ka daina ba, amma kada ka raina wannan ƙarar. Sautin irin wannan wasa yakan kai desibel 100 a ma'aunin ƙarfin sauti, wanda zai iya lalata ƙwayoyin ji na cikin kunne, kuma ba sa farfaɗowa idan suka mutu. Na sha ganin samari manne da lasifika har rigunansu na kaɗawa, abin yana ba ni tausayi ƙwarai. Ka ja baya zuwa tsakiyar fili, ka sayi abin toshe kunne a kantin magani, idan kuma ƙarar ta wuce kwana biyu, ka je wurin likitan kunne.